Kankana Ta Sha Ce, Ba Ta Dafawa Ba: Martani Ga Mai Tallar Shayin Kankana

Wata maƙala da ta zaga hannun jama'a a 'yan kwanakin nan ta zo da albishir mai daɗin ji. Marubucinta ya ce duk gidan da ke da tukunya da murhu ya mallaki asibiti bai sani ba. A samo kankana, a yayyanka ɓawonta, a daka 'ya'yanta, a zuba ruwa a tafasa, a tace, a sa zuma ko sukari, a riƙa sha safe da yamma. A cewarsa wannan shayi yana wanke ƙoda, yana saukar da hawan jini, yana daidaita sukarin jiki, sannan maigida yana da wani ƙarin alheri a ciki wanda ba sai an fayyace ba. Ya kammala da kira ga mutanen karkara su rage zaryar kemis, su koma ga abin da Allah Ya hore musu a gona.

Kiran nan na ƙarshe shi ya sa ba za a kawar da kai ba. Da a ce ya tsaya a kan cewa ga wani abin sha mai ƙamshi da za a kurɓa da hantsi, da babu mai tanka masa. Amma ya kira shi magani, kuma mutanen da ya fi shafa su ne waɗanda kankana ba ta yi musu tsada.

A ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kankana ba baƙuwa ba ce. Ƙasa ce mai yashi, damina gajera, rana mai ƙarfi, kuma irin wannan wuri kankana ke so. Manomi ya cire gero, ya sa wake da riɗi da zoɓo, ya bar wani gefe ga kankana ta yi yaɗo. Idan kakarta ta zo za a ga tsibi-tsibi a bakin titi, manyan motoci suna lodi zuwa kasuwar 'Yan Lemo ta Kano da garuruwan Kudu. Manomin wurin ba ya buƙatar wuƙa kafin ya san ta nuna. Zai duba ɗan zaren da ke kusa da hancinta ko ya bushe, ya juya ta ya ga inda ta kwanta a ƙasa ko ya yi rawaya, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya saurara. Mai sayarwa a baro kuwa ya yanko ɗan ƙwarya-ƙwarya ya miƙa: "Alhaji ɗanɗana, in ba ja kada ka biya." Irin waɗannan mutane aka ce wa su ɗora ta a wuta.

Gaskiyar da ke cikin maƙalar ba za a danne ta ba. Kankana abinci ce mai amfani. Kusan kashi 92 cikin ɗari na jan cikinta ruwa ne, sukari kuma kusan kashi 6. Ga wanda ya yini a kasuwar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, cikin ƙura da zafin da kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, yanka biyu na kankana sun fi masa kwalbar lemo nesa ba kusa ba. Akwai bitamin C a cikinta, kimanin miligiram 8 a kowane giram 100. Akwai laikofin, sinadarin da ya ba ta launin ja, har ta ɗara ɗanyen tumatir yawansa. Duk wannan marubucin ya lissafa, kuma daidai ne.

Inda ya karkace shi ne ɗaukar amfanin kankana ya jingina wa ruwan da aka dafa ta a ciki. Bitamin C ba ya jure wuta, ana tafasa shi yana raguwa, ga shi dama ba shi da yawa a kankana idan aka gwada da gwaba ko lemun zaƙi. Laikofin kuwa a jan ciki yake, ba a ɓawo ko 'ya'ya ba, kuma ba ya narkewa a ruwa, mai yake bi. Wanda ya dafa ɓawo da 'ya'ya ya tace, ya sha ruwan da babu laikofin a ciki sai abin da ba a rasa ba. Wanda ya dafa jan cikin ya tace, ya bar mafi yawansa a rariya.

Saura sinadari guda, wanda shi ne ginshiƙin maƙalar duka, wato sitrulin. A nan ya kamata a ɗan zauna, domin ba ƙarya ba ce zalla, gaskiya ce da aka ja ta fiye da tsawonta.

Masana biyu 'yan Jafan ne suka fara ciro sitrulin daga kankana a 1914. Idan ya shiga jiki, ƙoda kan mayar da shi wani sinadari mai suna arjinin, daga shi kuma jiki ke samar da wata iska da ke sa jijiyoyin jini su saki, su buɗe. Gano aikin wannan iska shi ya ba wasu masana uku na Amurka kyautar Nobel a 1998. Sitrulin yana narkewa a ruwa, kuma wuta ba ta lalata shi da sauri kamar bitamin C, saboda haka wani abu daga cikinsa zai iya fita cikin tukunya. Har nan marubucin yana da ƙafar tsayawa.

Tambayar ita ce nawa. A Jami'ar Jihar Fulorida ta Amurka, Arturo Figueroa da abokan aikinsa sun gwada kankana a kan matsin jini. Gwajin farko mutum 9 kacal aka yi da su. Wani da aka wallafa a 2014 mutum 13 ne, masu ƙiba da hawan jini, kuma ba shayi aka ba su ba. Gari ne da aka tatso daga kankana a masana'anta, wanda ke ba mutum giram 4 na sitrulin da giram 2 na arjinin kowace rana, har mako shida. An ga sauƙi a matsin jinin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, amma na mutanen da ba su cika motar haya ɗaya ba.

Yanzu a ɗauki alƙalami. Wani awo da masu bincike na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Agnes Rimando da Penelope Perkins-Veazie, suka wallafa a 2005 ya nuna ɗanyen jan ciki yana ɗauke da kimanin miligiram 1.9 na sitrulin a kowane giram, ɗanyen ɓawo kuma 1.3. Ke nan kafin mutum ya samu giram 4 sai ya cinye sama da kilo 2 na jan ciki, ko kilo 3 na ɓawo, kowace rana ta Allah. Uwargidan da ta jefa cikin hannu ɗaya na ɓawo a tukunya, a ce giram 100, ko da duk sitrulin ɗin ya fito bai rage komai ba, abin da za ta samu bai wuce kashi ɗaya cikin 30 na abin da aka ba mutanen Fulorida ba. Shi kuma wanda ya ce zai cika adadin da jan ciki, kilo 2 na tafe da sukari kimanin giram 120, wajen ƙaramin cokali 30.

Wannan awon na 2005 shi ne kuma tushen zancen da marubucin ya fi nanatawa, cewa ɓawo ya fi jan ciki sitrulin. Haka ne, amma sai idan an busar da su duka an cire ruwan, sannan ɓawo ke yin gaba. A ɗanye, kamar yadda yake shiga tukunyar gida, jan ciki ne a sama. An ɗauki rabin magana an bar rabi.

Batun maigida ma ga inda ya samo asali. A 2008 wani masani a Jami'ar Texas A&M, Bhimu Patil, ya yi bayanin cewa sitrulin na sassauta jijiyoyi ta hanyar da ta yi kama da aikin ƙwayar Viagra. Jaridun duniya suka ɗauka suka yi ta yayatawa, har yau ba a sauke ba. Gwajin da aka fi ambato an yi shi ne a Jami'ar Foggia ta Italiya, aka wallafa a 2011: maza 24 masu ƙaramin rauni, aka ba su giram 1.5 na tsantsar sitrulin kullum har wata guda, rabinsu suka ce sun ga canji. Su kansu masu binciken sun ce bai kai ƙwayoyin asibiti ƙarfi ba. Abin da masu tallar maganin maza a bayan mota da lasifika ba sa faɗa shi ne, raunin gaba sau da yawa shi ne ɗan aike na farko na ciwon sukari ko toshewar jijiyoyin jini. Magidancin da ya shekara yana dafa ɓawo a ɓoye, ya shekara bai je an auna shi ba.

Sai 'ya'yan. Shayin 'ya'yan kankana ba daga kakannin ƙasar Gumel ya fito ba. Daga cikin waɗanda suka yaɗa shi a Amurka akwai wani mutum Edgar Cayce, wanda ya mutu a 1945. Ba likita ba ne, kwanciya yake yi ya shiga wani hali kamar barci, ya riƙa faɗa wa mutane cutarsu da maganinta, kuma yakan ce masu matsalar ƙoda da mafitsara su sha jiƙon 'ya'yan kankana. Maganar ta shiga littattafan magungunan gida, ta yi ta yawo har ta iso nan da rigar hikimar gargajiya.

'Ya'yan kankana kuwa abinci ne na gaske. Busasshen ƙwayar cikinsu kusan rabinta mai ne, sama da kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki ne, ga maganiziyam. Sai dai mai da sinadarin gina jiki ba sa bin ruwan zafi su fito, suna nan cikin tuƙar da aka tace aka watsa wa kaji. Mai yin haka kamar wadda ta surfa gero ta wanke ce, ta sha ƙasarin ta zubar da tsabar. Mutanen wannan yanki sun riga marubucin sanin darajar irin waɗannan 'ya'ya. Guna, 'yar uwar kankana da ake nomawa a arewacin Jigawa da Yobe, ba don cikinta ake shuka ta ba, don 'ya'yanta ne, a fasa, a wanke, a shanya, a kai kasuwa, a yi mai ko a kaɗa miya, kamar agushi. A Sudan soya 'ya'yan kankana ake yi da gishiri a riƙa ɓarzawa ana hira, haka ma a ƙasar Sin, wadda ita kaɗai ke noma fiye da rabin kankanar duniya. Tsofaffin 'ya'yan da aka tono a kudu maso yammacin Libiya, masu shekara kusan 6,000, binciken ƙwayoyin halittarsu ya nuna cikin kankanar wancan zamani ɗaci gare shi, alamu kuma sun nuna don 'ya'yan ake tara ta. Ci ake yi tun asali.

Marubucin ya kuma jingina da addini, kamar yadda masu irin wannan rubutu suka saba. Abin da ya zo a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi daga Nana A'isha shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan haɗa kankana da ɗanyen dabino ya ci. Babu tukunya a ruwayar. Ibnul Ƙayyim ma ya yi gargaɗi a Zadul Ma'ad cewa sauran hadisan da ake yaɗawa a kan kankana babu wanda ya inganta in ban da wannan guda.

Duk abin da ya gabata asarar itace ce da lokaci kawai. Maganar ƙoda ce ke iya kai mutum kushewa.

Hujjar marubucin a kan wanke ƙoda ita ce wanda ya sha shayin zai yi ta fitsari. Wanda ya sha kofi uku na ruwan randa ma haka zai yi. Ƙoda lafiyayyiya tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a kowace rana, ta mayar da kusan duka, ta fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Ba ta tara datti da za a zo a ɗauraye. Yawan shan ruwa yana taimakawa wajen hana tsakuwar ƙoda taruwa, musamman a ƙasa mai zafi, amma ruwan ne ke aikin, ba ɓawon ba.

Ƙodar da ta riga ta gaza kuwa labarinta daban. Ba ta iya fitar da sinadarin fotashiyam yadda ya kamata, idan kuma ya taru a jini yana rikita bugun zuciya, har ya tsayar da ita. Kankana tana da kimanin miligiram 112 na fotashiyam a giram 100. Bai kai na ayaba ba, amma wa ke tsayawa a giram 100 na kankana? Sannan fotashiyam yana fita cikin ruwa idan an tafasa abu. Shi ya sa ake koya wa masu ciwon ƙoda su dafa ganye ko dankali su zubar da ruwan farko. Shayin da marubucin ke talla shi ne ainihin ruwan da aka ce a zubar. Ga kuma masu shan wasu ƙwayoyin hawan jini irin su lisinopril, waɗanda dama suna sa jiki ya riƙe fotashiyam. Wanda ake yi wa wankin ƙoda a asibiti kuwa ruwan sha ma auna masa ake yi.

Wannan ba zancen nesa ba ne. Daga Haɗeja zuwa Gashuwa an daɗe ana kokawa da yawan masu ciwon ƙoda, kuma ƙasar Gumel maƙwabciyar Haɗeja ce. Mutumin da ƙafafunsa suka fara kumbura, fuskarsa ta yi fam da safe, shi ne na farko da zai ji an ce ga abin wanke ƙoda a araha, kuma shi ne na farko da ya kamata a hana.

Akwai wani abin da duk manomin kankana ya sani, marubucin bai ambata ba ko sau ɗaya. Kankana amfanin gona ce mai shan feshi. Ƙwari na bin ganyenta, ƙuda na huda 'ya'yan tun suna ƙanana, manomi kuma ba zai zuba ido ya ga jarinsa ya ruɓe ba, sai ya goya famfo a baya ya yi ta bi. Maganin a kan ɓawo yake sauka. Ba kowa ne ke ƙirga kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi na ƙarshe da yanka ba, balle idan mota ta zo dillali na jira. Mai shan jan ciki ɓawo ya yi masa garkuwa, mai dafa ɓawo kuwa garkuwar ya sa a tukunya. Wankewa da goga tana ragewa, fere koren baya ya fi, amma tafasawa ba tabbacin tsira ba ce. Haka irin shuka na gwangwani, su Kaolack da Sugar Baby, yawanci an shafe shi da maganin kashe ƙwari da fumfuna, shi ya sa ake ganinsa ja ko kore ko shuɗi, kuma akan rubuta a jiki cewa ba na ci ba ne. A gidan manomi, idan ba lokacin kankana ba ne, wannan ragowar gwangwanin shi ne 'ya'yan kankanar da ke kusa da hannu. Maƙalar da ta ce a daka 'ya'ya a dafa, ba ta ce wanne ba.

Ciwon sukari ba ya buƙatar dogon bayani. Mai shi zai iya shan ɗan yanka na kankana, domin sukarin da ke cikin ƙaramin yanki ba shi da yawa. Amma babu wani abu a ruwan ɓawo da ke maye gurbin ƙwaya ko allura. Shi kuma ruwan salam yake, ba ya shawuwa sai an zuba zaƙi, kuma kowa ya san hannun mutanenmu a gwangwanin sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa, har da zuma, ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini ga babban mutum, rabin haka ya fi. Kofi biyu irin haɗin teburin mai shayi na iya cinye wannan kason.

Hawan jini kuwa, wanda ƙididdiga ta nuna yana tare da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan Najeriya, mugunsa shi ne ba ya ciwo. Dattijo a Sule Tankarkar ya ajiye ƙwayarsa ya koma shayin kankana, mako biyu, wata guda, babu ciwon kai, babu jiri, sai ya shaida wa abokan zamansa a majalisa cewa abin yana aiki. Jininsa kuwa yana can sama. Shaidar da ake iya dogara da ita ita ce ta na'urar awo a hannun ma'aikacin lafiya, a asibitin Gumel ko ƙaramin asibitin mazaɓa, ba yadda mutum ya ji jikinsa ba. Shanyewar ɓarin jiki ba ta sallama.

Abin mamaki, da marubucin na neman abin sha na gida da bincike ya fi tsaya wa, da bai wuce gonar da ke jikin ta kankana ba. Zoɓon da ake tarawa a Maigatari a tsince a ɗura a buhu a fitar zuwa ƙasashen waje, musamman Mekziko inda suke shan sa kamar yadda ake sha a nan, an gwada shi a matsayin jiƙo, yadda mutane ke shan sa. A Jami'ar Tufts ta Amurka, Diane McKay da abokan aikinta sun ba mutum 65 masu ɗan hawan jini kofi uku a rana har mako shida, aka wallafa a 2010. Lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓo ta sauka da kimanin maki 7, ta waɗanda aka ba ruwa mai kama da shi kuma da maki 1 da ɗoriya. Shi ɗin ma mutanen da jininsu bai yi nisa ba aka gwada wa, waɗanda ba su fara shan ƙwaya ba, kuma ba zoɓon ƙulli mai kauri da sukari aka ba su ba. Wanda likita ya riga ya ɗora a kan magani, sai ya faɗa masa kafin ya mayar da zoɓo abin shan kullum, haka ma mai juna biyu.